Tukunyar Usta Haruna a Bakin Tekun Yanbu

Har gobe ban manta da ranar da Usta Haruna ya miƙo mini ludayinsa ya ce in ɗanɗana ba. Ku da kuka taso a wannan kicin namu na Aƙiƙ a nan Madina, inda kowa ke tsoma cokali a tukunyar kowa, ba za ku ga abin mamaki a ciki ba. Amma a gidan kifin da na koyi aiki a Yanbu, na fi shekara goma ban ga mahalukin da ya kusanci tukunyar mutumin nan da cokali ba, har mai gidan kansa. Tunda an sallami baƙin rana, ku gyara zama in ba ku labarin. Na san da Larabci za ku amsa mini, amma kunnuwanku suna jin Hausa.

Ni ɗan Madina ne, a unguwar Harra ta Yamma aka yanke mini cibi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban motar ƙanƙara ne, yana ɗauko kifi daga Yanbu ya kawo kasuwar nan. Da na gama sakandare na tsaya zaga unguwa, ba aikin fari ba na baƙi, sai wata rana ya sa ni a gaban mota muka ɗauki hanyar Badar. Ba mu tsaya ba sai da muka hango tekun Yanbu. A ƙofar wani gidan abinci ya tsaya, ya kira wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya ce masa, "Haruna, ga ɗanka Idirisu. In ya yi maka, ka riƙe. In bai yi maka ba, ka riƙe." Haka aikina ya fara.

Wanda bai san gefen da muka zauna ba, bari in kwatanta masa. Yanbu tana da fuska biyu. Akwai ta kamfanoni da manyan jirage, akwai kuma tsohon gari na masunta, inda muke. Daga kasuwar kifi zuwa gaɓa layi guda ne, kuma duk abin da ciki ke nema yana kan layin nan. Masu ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis ne ke fara buɗewa bayan asuba, ka ga direbobin tasha da leburori sun yi cincirindo a bakin tanda. Kusa da su akwai wani mutumin Yaman mai sayar da masub, ayaba da gurasa da zuma a kwaɓe, wanda in ka ci kwano ɗaya sai la'asar za ka tuna da abinci. Sai gahawar masunta, wato wurin zaman shayinsu mai dogayen kujerun igiya, inda ake shan shayi da na'ana'a ana buga domino kamar za a fasa tebur. A can ake sanin wanda ya yi kamu, da wanda injinsa ya mutu, da wanda zai aurar da ɗa. Gaba kaɗan akwai mai lemon tsami da ƙanƙara, wurin da ma'aikatan jiragen waje ke fara tsayawa in an ba su izinin fitowa daga tasha. Daga nan sai gidajen kifi a jere, kowanne da hayaƙinsa. Namu shi ne na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon kwale-kwale. Gidan Ammu Salim, wato Baffa Salim, ake ce masa, ko bayan Ammu Salim ya rasu ɗansa Fahad ya karɓi ragama.

Cin kifi a can yana da tsarinsa. Mutum zai shiga kasuwa ya zaɓi abinsa da hannunsa, najil ko hamur ko harid, ya kai a kankare masa a fasa ciki, sa'an nan ya kawo mana a leda ya ce a soya ko a gasa. To kun ga kifi nasa ne, wuta kuma kowane gida yana da ita. Abin da ke sa ya wuce ƙofar maƙwabta ya shigo taka shi ne shinkafa da miyar tsamiya. Shinkafar ita ce sayadiyya.

A kicin kuwa matakai ne. Na ƙasa shi ne mai wanki da shara. Sai mai gyaran kifi, sai mai gashi, sai mai kasko, wato mai suya. A saman kowa akwai mu'allim, wanda mu muke ce wa Usta irin na mutanen Sudan. Shi kaɗai ke taɓa shinkafa da miya. Ni daga tsintsiya na fara, a hankali na hau har na kai kasko, kuma a nan nake lokacin da abin nan ya faru.

Sayadiyya a baki ba ta da wuya. A soya albasa mai yawa har ta yi duhu, a zuba romon kawunan kifi da kayan ƙamshi, a tace, a dafa shinkafa a ciki. Wuyar tana wuri ɗaya. Albasar nan sai ta je bakin ƙonewa ta tsaya. In ka sauke da wuri, shinkafa ta fito fara ba armashi. In ka ƙara ƙiftawar ido, ɗaci ya shiga, kuma ba abin da ke fitar da shi. Ido ba ya gane wannan iyakar, domin launin kusan ɗaya ne. Hanci ke ganewa. Usta yakan juya wa tukunya baya yana wani aikin, sai kawai ka ga ya ɗaga kai kamar an kira sunansa, ya juyo ya zuba romo.

Mutumin Bur Sudan ne. Kakanninsa Kanawa ne da suka taho Hajji a ƙasa, suka yada zango a bakin Bahar Maliya, zangon ya zama gida. Hausarsa tsohuwa ce, a cakuɗe da Larabcin Sudan. A gaban mutane Usta nake ce masa, in mu biyu ne Kawu. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma koyarwa da baki. In ka tambaye shi awon wani abu sai ya ce, "Kana da ido, ya waladi," wato ya ɗana.

Akwai kusurwa ɗaya a gidan, gindin taga, da ba a ba kowa ita bayan azahar. Ta Rayyis Awwad ce da mutanensa. Rayyis shi ne shugaban jirgin kamun kifi, kuma Awwad shi ne babba a cikin rayyis-rayyis na gaɓar nan, tsoho gajere mai murya kamar injin jirgi. Tun zamanin Ammu Salim suke cin abincin rana a nan. Shi da Usta ba su cika hira ba. In ya gama ci yakan ɗaga murya ta tagar kicin ya ce, "Allah ya kiyaye hannun nan, ya Haruna." Usta ya amsa daga ciki, "Da lafiya." Iyakar abotarsu ke nan a ido.

A ƙarshe-ƙarshen annobar korona, lokacin da aka fara sassauta dokar taro, ciwon ya kama Usta. Ya sha jiki ƙwarai, har muka fara tsorata, amma Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya sabunta takardar lafiyarsa ta baladiyya, wato hukumar gari, wadda sai da ita ake barin mutum ya taɓa abincin jama'a, ya dawo bakin aiki. Ya rame, amma tsayuwarsa tana nan.

Sai dai shinkafa ta canza. Yau gishiri ya zarce, gobe ta fito lami, jibi ka ji ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Mu ma'aikata muna ci muna kallon juna, ba mai iya magana. Na ɗauka gajiyar ciwo ce.

Wata Talata da hantsi ina bakin kasko sai na ji ƙauri. Na waiwaya, ga albasa tana hayaƙi, ga Usta taku ɗaya daga tukunyar ya ba ta baya yana wanke shinkafa hankali kwance. Na yi wuf na kashe wutar. Ya juyo ya dubi tukunya, ya dube ni. Ya zubar, ya yanka sabuwa, wannan karon ya tsaya a kanta ya kafa mata ido. Da romo ya tafasa sai ya dubi hagu da dama. Sauran ma'aikatan 'yan Bangaladash ne, sai Abdu mai gashin kifi ɗan Yaman, ba mai jin Hausa a cikinsu. Ya ɗebo romo a ludayi, ya yi ƙasa da murya.

"Idi, zo. Ɗanɗana."

Na ce, "Ni, Kawu?"

"Akwai wani Idin a nan?"

Na kurɓa. Na ce gishiri bai ji ba. Ya ƙara, ya sake miƙo mini. Na ce ya yi. Ya rufe tukunya.

Da aka yi sallar azahar ya ja ni bayan kicin, muka zauna a kan akwatunan ƙanƙara. Ya ce, "Ya waladi, tun da na tashi daga ciwon nan hancina ya mutu, harshena ya bi shi. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakina. Jiya uwar yara ta turara ɗaki, sai da na ga hayaƙi na san an sa turare."

Na tambaye shi ko ya ga likita. Ya ce ya gani, an ce masa wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, Allah ne masani.

Na ce, "To ka faɗa wa Fahad mana, Kawu."

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "In ce masa me? In ce makaho ne ke tuƙa masa mota?"

Ku da aka haifa da takardar ɗan ƙasa, kamar yadda aka haife ni, ba lallai ku san wannan fargabar ba. Iƙamar Usta, wato izinin zamansa, a kan gidan nan take. In aiki ya ƙare, wa zai ɗauki tsoho mai girki da ba ya jin ɗanɗano? Sai dai ya tattara ya koma Bur Sudan, garin da ya bari tun yana saurayi, da 'ya'ya mata da aka haifa a Yanbu ba su san ko'ina ba sai nan. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ce na ji.

Daga ranar na zama hancinsa da harshensa. Ina suyata, kunnena na wurin mai, hancina na wurin albasarsa. In ta kai sai in ce da Hausa, kamar ina ba shi labarin gida, "Kawu, ta iso." Ya zuba romo. In zan wuce ɗauko wani abu sai in kurɓi ludayin da ya ajiye a gefe, in ce a ƙara ko a bari. Abdu yana zaton hirar 'yan uwa muke yi. Shinkafa ta dawo daidai, ko kusa da daidai, muka yi watanni a haka.

Sai abu biyu suka haɗu a rana ɗaya. Rayyis Awwad zai aurar da autansa, ya ce ba wanda zai dafa shinkafar walima sai Haruna. Aka sa ranar Juma'a. Ana saura mako guda matata ta haihu a nan Madina, 'yar fari, suna ya faɗo a wannan Juma'ar. Na ce wa Usta zan tsaya, a raɗa suna ba ni. Ya ce wallahi ban isa ba.

"'Yarka ta fari? Ka je. Hannun nan ya san awonsa tun ba a haife ka ba."

Na ce to ko Abdu ya sa ya riƙa ɗanɗana masa. Ya yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye sauran maganar. Na hau mota na taho, zuciyata rabi a nan rabi a can.

Ranar Asabar da hantsi na koma. Tun daga ƙofa na san ba lafiya, domin rediyon kicin a kashe yake. Abdu ya ja ni gefe ya ba ni labari. Tukwanen walima manya ne, ba irin na kullum ba. Albasa ta wuce iyaka, kuma ga alama Usta ya sa gishiri a romo ya manta ya sake sawa. Baƙi daga Umluj da Badar suka cinye kifi suka bar shinkafa tuli a faranti. Sai da Rayyis ya aika aka sayo shinkafar bukhari a wani gida aka rufa asiri, a gaban surukansa.

Ban gama jin wannan ba aka ce Fahad na kirana a ofis. Fahad ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Saurayi ne da aka bar wa gida da iyalai da yawa suna ci a ciki. Na same shi idonsa ja, alamar bai yi barci ba. Ya yi mini barka da haihuwa, sa'an nan ya ce, "Ya Idris, Ammu Haruna ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Amma tun da ya yi ciwon nan ba shi ba ne. Tsufa ya zo. Jiya an kunyata gidan mahaifina a gaban rabin gari. Daga gobe tukunya taka ce."

Na ce, "Shi fa?"

"Zan sallame shi cikin mutunci, in ba shi duk haƙƙinsa."

Ba mai kaskon da bai taɓa mafarkin jin wannan maganar ba, kuma ni ma na yi mafarkin. Amma na san abin da sallamar take nufi, na kuma san dalilin da shi Fahad bai sani ba, ga shi ba ni da izinin faɗa. Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar.

Na sami Usta a kicin yana yanka albasa kamar ba abin da ya faru. Na gaya masa yadda muka yi. Bai ɗago ba.

"Na sani. Karɓa."

"Kawu, in karɓa kai ka tafi ina?"

"Ƙasar Allah da faɗi. Ka karɓa kafin ya ɗauko bare."

Muna cikin haka aka idar da azahar, sai ga Rayyis Awwad da mutanensa. Suka zauna a gindin taga, ba ledar kifi a hannun kowa. Yaron da ke kai abinci ya je, Rayyis ya ce ba ci ya kawo shi ba, a kira masa Haruna.

Usta bai taɓa fita zauren baƙi a lokacin aiki ba. Ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya goge a hankali. Da zai wuce ni ya ce da Hausa, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na bi bayansa. Fahad ma ya fito daga ofis ya tsaya.

Usta bai jira an tuhume shi ba. Ya tsaya a gaban tabarmar ya ce da Larabci, yadda kowa zai ji, "Ya Rayyis, kafin ka yi magana bari in yi tawa. Tun da na yi ciwo ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano. Watannin nan duk da harshen yaron nan nake girki. Ya tafi sunan 'yarsa, girman kai ya hana ni neman wani. Na ɓata maka ranar ɗanka. Ba laifin gidan nan ba ne, ba na kowa ba ne, nawa ne."

Rayyis ya dube shi ya ce, "Ka gama? To zauna, wuyana ya gaji da kallon sama."

Usta ya zauna a bakin tabarma.

"Shinkafarka ta kunyata ni jiya, ya Haruna. Wannan ba zan ce ba a yi ba. Amma in kana zaton yau muka san abin da ke damunka, ka raina mana hankali. Tun makon da ka dawo muka sani. Mun ci mai ɗaci, mun ci lami, mun ci wadda ta fi ruwan teku gishiri, muka kora da ruwa, na ce wa yaran nan duk wanda ya buɗe baki ba ya sake hawa jirgina. Da ta gyaru kuma muka leƙa ta taga muka ga wannan yana yi maka yarenku a bakin tukunya, muka gane sauran."

Wani daga cikin masuntan ya yi dariya, Rayyis ya harare shi ya yi shiru.

"Ba gishirin ne ya ɓata mini rai ba. Shekara nawa ina cin hannunka? Da ka aiko ka ce, Awwad, hancina ya tafi, yarona ba ya nan, wallahi da ni da kaina zan bar baƙina in zo in tsaya maka a bakin tukunya in ɗanɗana. Wannan ne ka hana ni."

Usta ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin kafaɗunsa sun sauka haka ba.

Sai Rayyis ya juya wurin Fahad. "Ɗan Salim, gidanka ne, ban zo koya maka sana'arka ba. Kai kana ƙarami shekarar da teku ta ci ƙanena. Kwana da kwanaki muna fita nema muna dawowa hannu wofi. Duk dawowar da za mu yi, tukunyar mutumin nan tana jiranmu a kan gaɓa da zafinta, ba wanda ya aike shi. Wannan ɗaya. Na biyu, mu a teku in idon rayyis ya raunana ba ma sauke shi. Yaro mai ido ke tsayawa a goshin jirgi, tsoho ya zauna a baya yana faɗin inda duwatsu suke, domin duwatsun a kansa suke, ba a idonsa ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Fahad ya matso ya durƙusa kusa da Usta ya ce, "Ammu, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Usta ya ce, "Tsoro na ji, ya waladi."

Fahad ya sumbaci kansa.

A ranar aka yanke yadda za a yi. Tukunya ta dawo hannuna. Usta ya ci gaba da zama Usta, aka ba shi sayen kifin gida a wurin gwanjon safe, aikin da ido da yatsa ke yi, a duba jan kunnen kifi a danna tsoka, sa'an nan ya dawo ya zauna a kujera kusa da murhu yana lura da ni. Abin dariyar shi ne, mutumin da bai taɓa koyarwa da baki ba, yanzu ba shi da wata hanya sai bakin. Ya riƙa tono abubuwan da shi kansa bai san ya sani ba. Yadda ƙarar albasa ke sauyawa a cikin mai in ruwanta ya ƙare. Dalilin da ba a sa kan hamur da na harid a romo ɗaya. Yadda tsamiyar da ta kwana a jiƙe ke neman sukari kaɗan, ta yau kuwa ba ta nema. Duk abin da kuka ga ina yi a nan, daga wannan kujerar ya fito. Yana faɗa yana faɗa, in na yi kuskure kuwa ko bai ji a harshe ba yakan gani a fuskar masu ci, ya ce, "Yau ka yi wa mutane rowar wuta."

Bayan kusan shekara, cikin tsananin zafi, wata safiya na raka shi gwanjo don in taya shi ɗauko kaya. Muka biyo ta bayan kasuwa, inda masu gyaran kifi ke tara kayan ciki kafin motar shara ta zo. Sai na ga ya ja ya tsaya. Ya yamutsa fuska.

"Idi, mene ne wannan?"

Na ce, "Me, Kawu?"

"A'uzu billahi! Wannan ƙarnin! Haka muke zaune a cikinsa duk shekarun nan?"

Sai kuma ya gane abin da ya faɗa. Ya saki kwandon da ke hannunsa, ya matsa kusa da juji ya shaƙa, ya sake shaƙa, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Masu gyaran kifi suka tsaya da wuƙaƙe a hannu suna kallon tsoho yana shaƙar wari yana hamdala. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai gahawa, ya karɓi damin na'ana'a daga hannun mai shayi ya tusa hanci a ciki. Kafin azahar duk layin ya ji labari. Mai masub ya aiko da kwano, mai lemo ya aiko da tulu, Rayyis ya shigo yana ihu tun daga ƙofa.

Jin ƙamshin bai dawo duka ba, rabi ne, amma ya isa. Fahad ya ce masa in yana so ya koma tukunyarsa. Ni ma na matsa gefe na ba shi wuri. Ya dubi tukunyar, ya ɗaga murfi ya shaƙi tururin, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Ta saba da hannunsa. A bar su." Ya koma kujerarsa.

Ya ƙara 'yan shekaru a kan kujerar nan, ya aurar da 'ya'yansa a Yanbu, sa'an nan Allah ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya. Ranar jana'izarsa kwale-kwale da yawa ba su fita ba. Masunta ne suka ɗauki makara, Rayyis Awwad na gaba da sandarsa. Ni kuwa bayan mahaifina ya rasu na dawo Madina saboda tsohuwa. Na je Yanbu bara. An gyara layin, an sa fitilu da kujerun zamani, gahawar ta koma wurin sayar da kofi a kofin takarda. Yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Na dai tsaya a bakin gaɓa na rasa wanda zan yi wa sallama.

Abin da wannan ya koya mini game da sana'armu shi ne, duk kayan aikin mai girki aro ne. Hanci aro ne, harshe aro ne, ƙafafun da kake tsayuwa a kansu ma haka, kuma Mai su yana karɓa ba tare da sanarwa ba. Mutanen da kake ciyarwa kuwa sun san hannunka fiye da yadda kake zato. Suna gane ranar da kake cikin damuwa tun daga lomar farko, kuma da yawansu a shirye suke su rufa maka asiri, har su taya ka, in dai ka ba su dama. Abin da ke ɓata tsakani shi ne ɓoyo. Saboda haka duk ranar da wani abu ya gaza a jikinku ko a aikinku, ku buɗe baki ku faɗa tun tukunya ba ta ƙone ba. In kuma na gaba da ku ne ya gaza, kada ku yi saurin ɗauke masa kujera. Ni ma gwiwata ta fara ba ni labari da safe. Ranar da ta ƙi, ku zan fara gaya wa, kuma ina roƙon Allah in same ku irin mutanen bakin tekun nan.